Hunturu a Tasawa da Mayahi: Tanadin Maigida

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas kan sauko daga Sahara da ƙura da ɗari. A Tasawa, Urafan, Mayahi da ƙauyukan Gulbin Kaba, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. A lokacin ne mura, tari da ciwon haƙarƙari ke kama yara da tsofaffi, gobara kuma ke cinye rumbunan da aka cika da kaka.

Maigida, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ya kyautu ya keɓe akwati guda tun kafin ɗari ya tsananta: bargo ga kowa, hula da safa ga jarirai, man kaɗanya saboda kaushi, farasetamol, tocila da batir. Takardun haihuwa, na fili da katin ɗan ƙasa su shiga akwatin ƙarfe. A ajiye tulun ruwa da bokitin yashi kusa da murhu, a nisanta man fetur da kara daga ɗakin kwana.

Kada a kwana da garwashi cikin ɗaki rufe: iskar gawayi ba ta da wari, amma tana kisa cikin barci.

Ƙura kuma tana buɗe wa sanƙarau hanya, kamar yadda Nijar ta gani a 1995 da 2015. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar wuya ba ya jiran gari ya waye: a garzaya gidan likita nan take.