Labarin Alhaji Mamman Shata da Yadda Yake Ƙulla Waƙa

Bayan haka, ku sani, ya malamai da fatake, babu kasuwar da ke ci tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi face an taɓa jin muryar Shata a cikinta, ko daga rediyon mai shayi ko daga kaset na direba. Mutumin Musawa ne, can kudu da waɗannan garuruwa, a nan aka haife shi cikin 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya yi waƙa ba, gama a wurinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da girman gida. Yaron ya yi tallar goro da alewa, yana jawo masu saye da zaƙin baki. Daga bisani muryar ta fi hajar kasuwa, ya ajiye faranti ya bi kalangu.

Abin da ya bambanta shi da makaɗan fada shi ne, bai ɗaure kansa ga sarki guda ba. Ya waƙe sarki da attajiri da manomi da direban mota. Kuma ba ya zama ya tsara baiti kamar yadda malami ke auna ƙasida bisa karin aruli, ya rubuta, ya goge. Amshi ɗaya yake bai wa yaransa, su riƙe shi ba sauyi, makaɗa su kafa kari, shi kuwa ya riƙa ɗora magana nan take, gwargwadon wanda ya shigo fage da abin da ya miƙa. Saboda haka waƙa ɗaya takan fito da fuska biyu in ya yi ta dare biyu. Bakandamiya ita ce kirarin kansa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata cikin 1969, ya yi wa kumbon Apollo waƙa.

Malamai sun yi saɓani a kansa, kuma saɓanin yana da dalili. Bakin da ya yabi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, shi ne ya waƙe mashaya, shi ne kuma ya yi zambo mai zafi har manya suna tsoron harshensa. Wanda ya ƙi wannan bai yi kuskure ba. Amma almajirin da ke neman sanin Hausa, da karin maganarta da habaicinta, zai daɗe bai sami rumbu kamarsa ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988. Ya rasu ran 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya gafarta masa.