Hajiya, Ɗauko Littafin Mu Gani

Idan rigima ta tashi a kan adashi, matsalar kusan kullum ɗaya ce. Mai zubi ta ce ta biya, uwar adashi ta ce kuɗi bai zo hannunta ba, alhali littafin da zai raba gardamar yana ƙarƙashin katifar uwar adashin. Wadda ake zargi ita ke riƙe da hujja. Dattijuwar unguwa ba ta tsayawa sauraron rantse-rantse, sai ta ce, "Hajiya, ɗauko littafin mu gani."

Wannan magana ta dattijuwa ce kotunan tarayyar Amurka suka mayar ƙa'ida tun 1938 a shari'o'in neman haƙƙi. Kafin a fara sauraron shaidu, ƙa'ida ta 34 ta bai wa kowane ɓangare damar rubuta wa abokin shari'arsa ya fito da takardun da ke hannunsa ko ƙarƙashin ikonsa, ko da su ne za su kayar da shi. Yana da kwana 30 ya ba da amsa a rubuce. Tun 2006 aka fayyace cewa saƙonnin imel da duk abin da ke cikin kwamfuta sun shiga ciki.

Sai dai roƙo ma iyawa ne. Mai zubin da ta ce "kawo duk takardun gidanki" ta buɗe wa Hajiya ƙofa. Ko dai ta ƙi, ta ce ina ruwan adashi da takardar makarantar 'ya'yanta, ko kuma ta juye mata buhu guda na tsoffin rasit-rasit na wuta da na asibiti ta ce ta nema da kanta. Mai wayo cewa take, "shafin zubin watan Sha'aban, da saƙon da banki ya turo miki ranar Juma'ar farko." Haka lauya yake. Doka ta ce ya bayyana abin da yake nema dalla-dalla, kuma gyaran da aka yi a 2015 ya jaddada cewa nauyin neman ya yi daidai da girman ƙarar. Ba a sa mutum ya kwashe ɗaki saboda zubin mako ɗaya.

Akwai abin da ba a taɓawa: shawarar da mutum ya yi da lauyansa sirri ce. Amma ba ya isa ya yi shiru kawai, dole ya lissafa takardun da ya riƙe da dalilinsa. Wanda kuwa ya yage shafi, ya yanke wa kansa hukunci. Idan aka buɗe littafi aka tarar shafin Sha'aban ne kaɗai babu, matan zubi ba sa bukatar ƙarin bayani. Alƙali ma, idan ya tabbatar da gangan aka goge saƙonni, yana iya umartar masu taya shi yanke hukunci su ɗauka abin da aka goge ba ya goyon bayan mai gogewar.

Jihar Minnesota ta nuna ƙarfin wannan hanya lokacin da ta maka manyan kamfanonin taba sigari a kotunta a 1994. Lauyoyinta sun tilasta musu fito da shafuka sama da miliyan 30, har da dubban takardun da suka fake da sirrin lauya don ɓoyewa. A ciki aka ga da rubutun ma'aikatansu cewa sun daɗe da sanin sinadarin nikotin yana kama mai sha, suna musantawa a bainar jama'a. A 1998 kamfanonin suka nemi sulhu, suka amince su biya jihar sama da dala biliyan 6.