Ko Kun Sani? Ledar Cikin Wayarku Tana Shan Ruwa

Idan mai gyaran waya a Babbar Kasuwar Katsina ya buɗe wayarku, za ku ga wasu siraran tsirkiyoyi masu launin ruwan zuma da ke haɗa allon waya da injinta. Wata irin leda ce mai suna foliyimaid, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayarwa da sunan Kapton a shekarun 1960.

Wannan leda tana jure zafin da ya haura digiri 300, amma tana zuƙar danshi daga iska, har kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinta. In ta sha danshi sai ta ɗan kumbura, in ta bushe ta tsuke. A masana'anta kuwa, inda layukan tagullar da ke kan ledar suka kai sirantar gashi, wannan ɗan motsi ya isa ya karkatar da aiki.

Shi ya sa ake gasa ledar a zafin kusan digiri 120 kafin a liƙa mata kayan lantarki da dalma. In ba haka ba, ruwan cikinta zai zama tururi, ya ɗaye ta daga tagullar.

Ba ledar kaɗai ba ce, allon OLED na wayoyi masu naɗewa ma ya fi komai tsoron laima. Ana so ruwan da zai ratsa murabba'in mita ɗaya na rufinsa kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan na giram a yini.

Don haka 'yan kasuwa, da damina, musamman a watan Agusta, ku adana kayan gyaran waya a rufaffen mazubi tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi.