Kwamitocin Takunkumi da Izinin Shigar da Kayan Jinƙai: Darasi daga Iraƙi

Gabatarwa

Idan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumi, yakan kafa ƙaramin kwamiti na wakilan ƙasashe 15 da ke cikinsa domin sa ido kan aiwatarwa. Wannan maƙala ta duba yadda irin wannan kwamiti ke tantance kayan jinƙai, ta ɗauki Iraƙi a matsayin misali.

Tsarin Ba da Izini

Bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait, ƙuduri mai lamba 661 na 6 ga Agusta, 1990 ya haramta ciniki da ita, amma ya keɓe magunguna, da kuma abinci idan halin jinƙai ya wajabta. Ƙuduri na 687 na 1991 ya sassauta: abinci sanarwa kawai yake buƙata, sauran kayan masarufi kuwa sai an nemi izini. Mai sayarwa yakan miƙa buƙata ta hannun wakilcin ƙasarsa a Majalisar, a rarraba wa mambobi. Idan wa'adi ya cika babu wanda ya ja, an amince ke nan.

A nan gizo ke saƙar. Kwamitin ba ya yanke hukunci sai bakin kowa ya zo ɗaya, don haka ƙasa guda na iya jingine buƙata ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. A ƙarƙashin shirin musayar mai da abinci, wanda ƙuduri na 986 na 1995 ya kafa, Amurka da Birtaniya ne suka fi jingine kwangiloli, bisa hujjar cewa kayan na iya amfanar soja. Kayan gyaran lantarki da na tace ruwa sun sha maƙalewa, alhali asibitin da ba shi da wuta da tsabtataccen ruwa, isowar magani ba ta wadatar da shi. Jami'an Majalisar biyu da suka jagoranci aikin jinƙai a Bagadaza, Denis Halliday a 1998 da Hans von Sponeck a 2000, sun yi murabus domin nuna adawa da takunkumin.

Gyare-gyare

Ƙuduri na 1409 na 2002 ya juya tsarin: aka fitar da jerin kayan da ake tuhuma, su kaɗai ake kai wa kwamiti, sauran kuwa ma'aikatan Majalisar ke sa musu hannu. A Disamba 2022, ƙuduri na 2664 ya ba ƙungiyoyin agaji da aka ayyana keɓewa ta dindindin daga dokar daskarar da kadarori. Sai dai bai shafi haramcin shigar da wasu kayayyaki ba, shi ya sa har yanzu masu kai injuna da kayan ƙarfe Koriya ta Arewa ke neman izinin kwamitin ƙuduri na 1718.

Kammalawa

Darasin Iraƙi shi ne, rubuta keɓewa a cikin ƙuduri ba ya isar da kaya ga mabuƙata. Abin lura shi ne wa ke da ikon jinginewa, kuma har zuwa yaushe, domin ga maras lafiya jinkiri da hani duk ɗaya ne.