Ɗaliban Injiniya da Rufin Makarantun Ƙauye

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ta Bichi ya nufi Tsanyawa a farkon damina, ya san wannan hoton: firamare a bakin gari, bango yana nan a tsaye, kwanon rufi ya naɗe kamar tabarma ya faɗa gonar maƙwabci, yara kuma an kwashe su zuwa gindin darbejiya. Irin wannan hoton ne yake motsa zukatan ɗaliban injiniya a jami'o'in Amurka da Turai, su tara kuɗi, su hau jirgi lokacin hutu su je wata ƙasa su gina makaranta. Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce Engineers Without Borders, wato injiniyoyin da ba ruwansu da iyakar ƙasa. Reshenta na Amurka ya samo asali daga wani malamin Jami'ar Colorado, Bernard Amadei, wanda ya kwashi ɗalibansa a 2001 suka je ƙauyen San Pablo na ƙasar Belize suka jawo wa mutane ruwa, kuma a 2002 aka kafa ƙungiyar. Niyyarsu ba abin zargi ba ce. Sai dai in aka ɗauki wannan tsari aka ajiye shi a Makoɗa ko Minjibir, nan take za a ga cewa abin da ƙauye ya rasa daban, abin da baƙon ya fi ɗokin bayarwa daban. Shi ƙarfinsa yake so ya bayar, ya ɗauki bulo a ɗauke shi hoto. Ƙauyen kuwa lissafin da ke kansa yake buƙata, da alkawarin zai dawo baɗi ya ga yadda ginin ya kwana.

Kafin a kai ga bulo ma akwai maganar fili. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, kuma masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda mutanen nan suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ta da taki da toka da juji. A nan babu dajin da za a nuna wa baƙo a ce ga shi, gina. Duk taku ɗaya gonar wani ce, yawanci ta gado, kuma magada sun riga sun yi mata yawa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen karkara, amma takarda ba ta hana rigima in ba a zauna da mai unguwa da dagaci da su kansu magadan ba. Ko ƙasar gini sai an yi shawarar inda za a haƙa, domin ramin da aka bari shi ne kududdufin gobe, matattarar sauro kuma haɗari ga ƙananan yara. Wannan zama ne na watanni, ana gaisawa ana komawa, kuma ba a yin sa ta intanet daga wata nahiya.

Sai lokaci. Babban hutun jami'o'in Turawa yana faɗowa tsakanin Yuni da Agusta, daidai lokacin da manomin Kano yake tsakiyar noman fari da maimai. Ranar da ya bar gona ya zo ɗaukar yashi, ciyawa ba za ta jira shi ba, kuma ba wanda yake ginin ƙasa da damina. Lokacin gini a ƙasar Hausa bayan kaka ne, an sa amfani a rumbu, hannu ya sarara, kafin samari su watse cin rani. Batun ƙwadago kuwa, shi ne abin da ƙauyen bai taɓa rasawa ba. Akwai birkila, akwai kafinta, akwai matasan da ke neman aikin yini, akwai kuma al'adar gayya wadda ta girmi kowace ƙungiyar sa-kai. Mutanen da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba sa jiran a koya musu aikin haɗin gwiwa. Kuɗin jirgin ɗalibai goma, zuwa da dawowa, in aka juya shi siminti da katako da ladan ma'aikata, zai yi aikin da hannuwansu ba za su yi ba cikin mako uku.

To ina amfanin ɗalibin? Amfaninsa yana kan wannan kwano da ya naɗe. Mutane kan ce iska ce, ikon Allah, kuma gaskiya ne, amma akwai dalilin da ya sa rufin makaranta ya tashi na masallacin da ke kusa da ita bai motsa ba. Iska mai ƙarfi in ta bi ta saman rufi, tsotso take yi, tana ɗaga shi sama, in kuma ta shiga ta tagar da ba ƙyaure sai ta tunkuɗo shi daga ciki. Abin da zai riƙe shi shi ne ɗauri daga kwano zuwa katako, daga katako zuwa kankaren da ya zagaye saman bango. Inda aka ɗora katako a kan bulo aka ɗan lanƙwasa langa-langa guda biyu, aka rage ƙusa, aka sa ɗanyen katakon da ba a shafa wa maganin gara ba, ƙusar ba ta da abin kamawa bayan damina biyu. Haka bulo: siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake so. Yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Bulon da aka buga da hunturu, aka miƙar da buhu ɗaya ya haifi fiye da kima, aka bar shi iska ta busar, da farce ma ana kankare shi. Ɗalibin aji uku a sashen gine-gine ya san duk wannan, ya san yadda ake gwada ƙarfin bulo, ya san a juya aji tagoginsa su kalli kudu da arewa don ranar safe da ta yamma kada ta dafa yara a watan Afrilu. Shi kuma magini ya san abin da littafi bai faɗa ba, cewa hadari daga gabas yake tasowa kuma bangon gabas ne yake fara cinyewa.

Misalin da ya fi kusa da mu na wannan haɗuwa ba daga Amurka ya zo ba. Francis Kéré ɗan sarkin ƙauyen Gando ne a Burkina Faso, ya koyi kafinta, ya sami tallafin karatu ya tafi Jamus, kuma tun yana ɗalibi a Berlin ya tara kuɗi ya koma garinsu ya gina firamare mai aji 3, aka gama a 2001. Da bulon ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti ya yi ta, ya ɗaga kwanon sama da silin a kan ƙafafun rodi don iska ta ratsa ta kwashe zafi, ya kuma faɗaɗa rufin don ruwa kada ya daki bango. Mutanen gari ne suka yi aikin. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma ya ci kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu. Ana yawan ba da labarin kamar na ɗalibin Turai da ya kawo agaji, alhali sirrin shi ne ɗan gida ne, yana jin harshen, kuma bai daina komawa ba: daga baya ya ƙara azuzuwa da gidajen malamai. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin da Alhaji Falke Barmu ya gina ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa tare da maginan yankin, aka kammala a 2018. Masu cewa ginin ƙasa koma baya ne suna da hujjarsu, domin yaɓe duk shekara wahala ce, azara ta yi tsada, kuma iyaye ba sa son a ba 'ya'yansu abin da ba a ba 'ya'yan birni ba. Amma bulon da aka matse ba tubalin hannu ba ne, kuma ajin da yaro zai iya zama cikinsa da ƙarfe ɗaya na rana ya fi wanda aka yi wa fenti yana tafasa.

Idan ɗan gida mai dawowa ake nema, to ba sai an jira jirgi ba. Jami'ar Bayero tana da tsangayar injiniya, jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil tana da tata, ga kwalejin fasaha ta jihar Kano, ga ta horar da malaman fasaha a Bichi wadda take cikin yankin ma. Da yawa daga cikin ɗaliban nan daga waɗannan ƙauyukan suka fito, wasu ta hanyar makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa. Tun 1973 akwai shirin SIWES da ke tura ɗalibai koyon aiki, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu a ofis suke ƙare watannin suna cika littafi. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma su kansu ƙungiyoyin waje sun gane haka: reshen Amurka na Engineers Without Borders yana ɗaure rassansa da alkawarin shekara 5 da duk al'ummar da suka shiga, na Kanada kuwa tun 2008 ya fara buga rahoton ayyukansa da suka gaza. Abin da su suke ƙoƙarin samu da doka da kuɗin jirgi, ɗalibin Kano yana da shi da kuɗin mota daga tashar Ƙofar Ruwa.

Akwai suka mai nauyi da ba za a tsallake ba: ɗalibi ba injiniya ba ne, kuma 'ya'yan talakawa ba abin gwaji ba ne. A watan Yulin 2024 wata makaranta mai bene ta rufta a Jos ta kashe mutum 22, yawancinsu ɗalibai. Wannan ya isa ya sa a ce duk zanen da ɗalibi ya yi sai injiniya mai rajista da hukumar COREN ya duba ya sa hannu, kuma a tsaya ga gini na ƙasa ba bene, da gyara, da bayi, da rijiya. Wasu kuma za su ce gina aji aikin gwamnati ne: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, jihohi suna sa nasu kason ta SUBEB, gwamnatin Kano ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, don haka sa-kai sauke wa hukuma nauyi ne. Da ɗaliban kuɗi za su tara su yi wa gwamnati gini, da sukar ta zauna. Amma ɗalibin da ya auna bango, ya ƙirga ƙusa, ya gwada bulo, ya rubuta abin da ya gani da Hausa ya miƙa wa kwamitin iyaye da malamai na makarantar, ya ba su abin da ba su taɓa samu ba, wato hujjar da za su tsaya da ita gaban ɗan kwangila kafin a biya shi.

Gini dai ba shi ne makaranta ba, kuma babu lissafin rufin da zai kawo malami ƙauye ko ya riƙe yarinyar da ta fara girma a inda ba bayin mata. Na farkon ya fi ƙarfin ɗalibin injiniya, na biyun kuwa aikin mako biyu ne in ya san nisan da ya kamata rami ya yi da rijiya. Aikin zai fi kyau a fara shi ƙarami: aji ɗaya na ɗalibai, mazaɓa ɗaya, tsakanin Fabrairu da Afrilu, su bi makarantun ɗaya bayan ɗaya da kafintocin garin suna ɗaure rufi kafin hadarin farko, su bar littafin abin da suka yi a hannun hedimasta, kwafi ɗaya kuma a sashensu don 'yan ajin da za su biyo baya su koma su ga wane rufi ya tsaya, wane ya tashi.