Abin Da Ke Faruwa Da Sautin MP3 Bayan An Gyara Shi

Duk wanda ya taɓa yanke tari ko ƙarar janareta daga karatun tafsiri, ko ya datse farkon wata waƙa, ya san tambayar da manhaja ke yi a ƙarshe: a wace lamba za a matse fayil ɗin? Da yawa sukan zaɓi lambar da suka tarar, su ɗauka sautin ya koma yadda yake. Lambar ce kawai ta koma. Ingancin ya ragu.

MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarsa kuma aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da sautukan da kunne bai cika kamawa ba, kamar ƙaramar ƙara da babba ta danne. Shi ya sa minti 1 na faifan CD, mai kusan megabayit 10, yake komawa kusan megabayit 1 idan an matse shi a 128 kbps. Abin da aka zubar kuwa ya tafi ke nan.

To, da ka buɗe MP3 a manhaja irin Audacity, sai ta warware matsin domin ka iya aiki. In ka gama ka sake adana shi a MP3, sai a yi sabuwar zubarwa a kan wadda aka riga aka yi. Karo ɗaya ba lallai kunne ya ji ba. Amma in aka maimaita, sai ka ji "s" da "sh" suna tsatsa a bakin mai magana, tafi kuma ya dagule. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san yadda murya ke dusashewa in an kwafa daga kwafi. Kusan haka ne a nan.

Abin takaici, karatun malamai da waƙoƙin da ba a da wani kwafinsu suna lalacewa ta wannan hanya, a hannun masu son adana su.

Kafin ka taɓa fayil, ajiye na asali gefe. Duba bayanansa da manhajar MediaInfo: kbps nawa ne, 44,100 Hz ne ko 48,000, mono ne ko sitiriyo. Yi duk gyaranka a WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai, sannan ka matse sau ɗaya tak a ƙarshe. In asalin 128 ne, fitar da shi a 192 zai rage sabuwar asara, ko da yake fayil zai ƙara nauyi. Kai shi 320 ba zai dawo da abin da ya ɓace tun farko ba.

Idan kuwa yanka kawai kake so, manhajar mp3DirectCut na datse MP3 ba tare da sake matse shi ba, ingancin kuma ya tsaya yadda ka same shi.