Rigimar Diyyar Inshorar Gona Tun Ranar Cike Fom Take Farawa

Manomin Dutsi da ya karɓi bashin noma yakan tarar an haɗa masa da inshora, galibi ta hukumar inshorar noma ta NAIC wadda shirinta ya fara a 1987. Idan fari ko ambaliya ya cinye amfanin gona, ya je neman diyya, sai a ce bayanin da ke fom ɗinsa ba gaskiya ba ne: an rubuta hekta biyu alhali gonar ba ta kai ba, ko an rubuta gero zalla alhali akwai wake a tsakani. Hujjar masu inshora tsohuwar ƙa'ida ce da alƙali Mansfield ya kafa a Ingila a 1766, cewa dole mai neman inshora ya bayyana duk abin da ya sani game da haɗarin.

Dokar Inshora ta Najeriya ta 2003, wadda sabuwa ta maye gurbinta a 2025, ta rage kaifin wannan ƙa'ida, domin ta ce abin da fom bai tambaya ba ba za a kafa hujja da shi ba. Amma ta ce wakilin kamfani da ya taya mutum cike fom, a idon shari'a wakilin mutumin ne. A nan gizo ke saƙa. Manomin Dutsi da dami da buhu yake lissafi, bai saba awon hekta ba, fom kuma da Turanci yake. Wani ne ya rubuta, shi dangwala yatsa kawai ya yi, amma kuskuren ya zama nasa.

Za a ce ai akwai masu ha'inci, da manoman bogi, da masu ƙara girman asara, kuma biyan irinsu zai tsawwala kuɗin inshora a kan masu gaskiya. Wannan haka yake, kuma wanda ya zambata da gangan bai cancanci ko sisi ba. Sai dai ganganci daban, kuskure daban. Birtaniya ta raba su a dokarta ta 2015: in babu niyyar yaudara, kuma da kamfani zai karɓi inshorar a farashi mafi tsada, ana biyan diyya gwargwadon kuɗin da aka zuba. Wannan ma'auni ya dace da mu. Kafin a karɓi kuɗin manomi, a auna gonarsa da na'ura, a karanta masa fom da Hausa a gaban mai unguwa, a ba shi kwafi. Kamfanin da ya tsallake wannan bai kamata kotu ta saurari ƙorafinsa bayan asara ba.